Bincike kan yaran da ake kamawa da ƙwacen waya: ta ina zan fara?

Ɗaliba, Rijiyar Zaki:
Assalamu alaikum. Kundin kammala digirina kan yara 'yan ƙasa da shekara 18 ne da ake kamawa da daba ko ƙwacen waya a cikin birnin Kano. Don Allah ta ina zan fara neman bayanai, kotu ko wajen 'yan sanda?

Malam na Gwale:
Wa alaikumus salam. 'Yar uwa, fara da takardar FIR, wadda 'yan sanda ke gurfanar da mutum da ita gaban majistare. Shekarun da aka rubuta a kanta su ke raba hanya. In an sa 15, gidan ajiyar yara na Goron Dutse ya kamata a kai shi. In an sa 19, sai gidan yarin Kurmawa, cikin manya. Yara da yawa ba su da takardar haihuwa, da ido ake kimanta su, yaron da ya yi tsayi ko gashin baki ya fara tsiro masa kuwa ya shiga uku. Don haka in daga gidan yara kaɗai kika ɗauki alƙaluma, lissafinki ya tauye tun kafin ki fara.

Hajiya Lauya:
Gaskiya ne, Malam. Ƙanwata, ki karanta sashe na 50 na kundin dokokin laifuka, wato Penal Code: ɗan ƙasa da shekara 7 ba ya laifi a idon doka, daga 7 zuwa 12 kuwa sai an tabbatar ya san abin da ya aikata. Ki haɗa da Dokar Kare Yara ta Kano ta 2023. A kotun Musulunci balaga ake dubawa, wannan ma babi ne mai zaman kansa.

Sannan kar ki cakuɗa wanda aka yanke wa hukunci da mai jiran shari'a. In an ce ƙwacen da makami aka yi, majistare ba shi da hurumi. Tsare yaron zai yi, fayil ya tafi Ma'aikatar Shari'a neman shawara, a nan watanni ke wucewa.

Ma'aikacin walwala, Fagge:
Wasiƙar sashenku Ma'aikatar Mata za ki kai, ita ke riƙe da gidan ajiyar yaran. Ba hoto, ba suna, lamba za ki ba kowane yaro. Ki roƙi mai gadi ya ɗan ja gefe, in ba haka ba "ƙarya aka yi min" za ki yi ta ji. Wasu kuma ba kotu ta kama su da laifi ba, iyaye ne suka ce sun gagare su. Ki ware musu layi daban.