Ina neman littafi a kan tarihin Sawakin, garin da kakana ya hau jirgin ruwa zuwa Jidda

Jikan Mai Sanda:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kakana ya yi aikin hajji da ƙafa. Daga Haɗeja ya tashi, ya bi Maiduguri, Fort Lami (N'Djamena ta yanzu), Abeshe, Junaina, Fashir, ya tsaya noman auduga a Jazira har ya tara kuɗin jirgi. Shekara bakwai bai dawo ba. Abin mamaki, cikin duk garuruwan nan babu wanda ya fi zama masa a baki kamar Sawakin ta ƙasar Sudan. Ya ce gari ne a tsakiyar ruwa, benaye farare da aka gina da dutsen teku, rabinsu sun rushe, sai maguna ke yawo a ciki. Muna yara mun ɗauka tatsuniya ce. Bara da muka buɗe akwatinsa muka ga takardar allurarsa da hatimin garin a jiki. Don Allah wa ya san littafin da ya yi bayanin Sawakin, musamman jiragenta da yadda ake tsallake Bahar Maliya? Turanci ko Larabci, duk zan lallaɓa.

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Alhaji. Ba tatsuniya ya ba ku ba. Nemi The Coral Buildings of Suakin na Jean-Pierre Greenlaw, wanda ya fito a 1976. Mutumin malamin zane ne a Khartum, ya bi gidajen ɗaya bayan ɗaya yana aunawa yana zanawa tun kafin su zube. Za ka ga tagogin katako masu sassaƙa da suke kira roshan, irin na tsohuwar Jidda. Sai dai littafin gini ne. Jirgi da matuƙa ba su sami wuri sosai ba.

Dalilin kangon da ya gani kuwa, Turawan Ingila ne suka ga mashigar Sawakin ta yi wa manyan jiragen tururi ƙunci saboda duwatsun murjani, suka gina Fot Sudan can arewa da ita, aka buɗe a 1909. 'Yan kasuwa suka kwashe. Shi kuma dutsen murjani in ba a shafe shi da farar ƙasa a kai a kai, gishiri da laima cinye shi suke yi. Alhazai ne kawai aka bar wa garin, nan ake killace su a duba lafiyarsu kafin su hau jirgi. Hatimin da ka gani ke nan.

A kan matafiyan namu, akwai Across the Savannas to Mecca na J. S. Birks, 1978, da Permanent Pilgrims na Bawa Yamba, 1995, a kan waɗanda suka zauna a Sudan har jikoki amma ba su fasa kiran kansu matafiya ba.

'Yar Mai Wurno:
Malam ya kawo na Turawa, bari in ƙara na gida. Tunda kana taɓa Larabci, fara da Tarikh Sawakin wal Bahril Ahmar na Muhammad Salih Dirar. Ɗan yankin ne, ya san ƙabilun Beja da gidajen 'yan kasuwar garin, ba leƙe ya yi ya wuce ba. Ni a Mai Wurno aka haife ni, bakin Shuɗin Nilu, kakanninmu na cikin waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi a 1903. Sau biyu na hau jirgi daga Sawakin, dare ɗaya ne a ruwa sai Jidda. Garin bai mutu ba kamar yadda hotuna ke nunawa, tsibirin ne ya zama kufai. A gaɓa akwai kasuwa, akwai tashar jirgin ruwa ta Usman Digna, raguna ma ta nan ake lodinsu zuwa Saudiyya. Turkawa sun gyara masallacin Hanafiyya da na Shafi'iyya, shugabansu ma ya zo a ƙarshen 2017. Amma da yaƙin nan da ya ɓarke a Sudan a 2023, ban ba ka shawarar zuwa ba.

Tsofaffinmu cewa suke Annabi Sulaimanu ya ɗaure aljannu a tsibirin, wai magunan nan su ne. Ni dai ban taɓa korar ko ɗaya ba.

Malamin Tarihi:
Hajiya, kin tuna min. Ibn Battuta ya yada zango a can a ƙarni na 14, ya ce tsibiri ne ba ruwan sha, ba shuka, ba bishiya, a kwale-kwale ake kawo musu ruwa. Wani Bature matafiyi, Burckhardt, kuma ya iso a 1814, kuma cikin Travels in Nubia ya yi dogon bayani a kan Takari masu zuwa hajji a ƙasa, suna aikin ƙwadago a hanya. Shekara ɗari da ɗoriya kafin kakanka, amma in ka karanta sai ka ce shi ake nufi. Littafin nan tsoho ne, kyauta za ka same shi a intanet.

Jikan Mai Sanda:
Na gode Malam, na gode Hajiya, Allah ya saka. Na sauke Burckhardt tun ɗazu. Abin da har yanzu nake ƙishirwa shi ne ruwan kansa. Kakana ya ce wasu abokan tafiyarsa da kuɗinsu bai kai ba sun bi wani jirgin katako mai tafiya da iska, sambuk, cikin dare, ba a sake jin labarin biyu daga cikinsu ba. Hajiya, ko a Mai Wurno akwai sauran dattijon da ya tsallaka a irin wannan jirgin? In akwai, zan turo kuɗin kati a ɗaukar min muryarsa a waya.

'Yar Mai Wurno:
Bar kuɗinka, ɗana. Akwai wani kawun mahaifiyata, ya haura tasa'in, kunne ya yi nauyi amma kai garau. Sai da hantsi yake hira, bayan ya sha shayi. In layi ya samu ranar Juma'a zan sa a tambaye shi. Rubuto min sunan kakanka da na unguwarku a Haɗeja ta saƙon sirri, don da wannan zai fara tambaya.