Gidan haya a Yamai ga mai ritaya: abin da aka tattauna

An tattauna ko ya dace mai ritaya ya zuba kuɗin sallamarsa a gina gidan haya a Yamai. Ga taƙaitawa.

1. An yarda cewa a yi lissafi kafin a zuba kuɗin sallama a gini. Misali: gidan sefa miliyan 30 da ake haya jaka 150 (sefa dubu 150) a wata yana kawo miliyan 1.8 a shekara, kashi 6 cikin ɗari ke nan. Cire wata biyu da zai zauna babu kowa, da fenti, da kwashe masai, da ladan dillali, sai ya faɗo ƙasa da 5.

2. Kada a sayi fili babu cikakkiyar takarda. Fili ɗaya kan samu masu shi biyu.

3. Ruwa. Ambaliyar 2020 ta ci gidaje a unguwannin Saga da Lamorde. A je a ga fili a watan Agusta, ana tsakiyar damina, a duba alamar ruwa a katangun maƙwabta.

4. Nan aka rabu. Wasu sun ce babban gida a unguwar Plateau ko Koira Kano ya fi. Mafi yawa sun ce tun da sojojin Faransa suka tafi a 2023 masu biyan irin wannan haya sun ragu. Gara ɗaki da falo guda huɗu, kowa da mitarsa ta kamfanin wutar lantarki NIGELEC, domin mita ɗaya rigima ce kowane wata. Ni ma can na karkata.

5. Mai fansho da ke haya kuwa, kada haya ta wuce kashi ɗaya bisa uku na abin da yake karɓa.