Burtsatse ɗaya za ta riƙe hekta guda ta inabi a Kudan?

Manomin Hunkuyi:
Assalamu alaikum. Gonar inabi ce hekta guda tsakanin Hunkuyi da Kudan, tazarar shuka mita 3 da 3, a kan rumfa, ban ruwa na ɗigo. Mai haƙa ya ce zai kai mita 60 ya sa sumo, wato famfon da ake saukarwa cikin rijiya, mai doki biyu, ruwa zai wadata. Shin zurfin ya isa? Kuma me zan sa ido a kai ranar haƙa da bayanta?

Injiniyan Ruwa:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Zurfi ba shi ne ruwa ba, musamman a yankinku. Ƙasar Zariya da kewaye a kan dutse take zaune. Ruwan yana cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama da kuma tsagogin da ke cikin mai ƙarfin. In an wuce su aka shiga dutse lafiyayye, ko mita 100 aka kai ƙura kawai za a yi ta fitarwa. Ba kamar kwarin Sakkwato ko na Chadi ba, inda yashi ke shimfiɗe hawa-hawa, ƙarin zurfi kan iya kai mutum ga wani ruwan.

Fara da lissafi. Tazarar 3 da 3 tana ba ka kusan gindi 1,100. Idan rumfa ta rufe, rana ta buɗe, inabi na iya shan milimita 5 a yini, wato lita 50,000 a hekta, kusan lita 45 kowane gindi. Burtsatsen dutse da ke ba da lita ɗaya a daƙiƙa, kirki ce a wajenku. Lita 3,600 ke nan a awa. Da sola mai aiki sosai na awa shida, lita 21,600 ka samu. Ko rabin buƙata ba ta kai ba. Don haka ko rijiya biyu, ko ja na awa 14 da janareta ko wutar gari, ko a fara da rabin hekta.

Kafin injin haƙa ya shigo, a yi safiyon lantarki, wato binciken ƙarƙashin ƙasa da na'urar lantarki, a wurare uku ko huɗu na gonar, a ba ka rahoto a rubuce: kaurin ruɓaɓɓen dutse, da zurfin da ake zaton tsaga. Ranar haƙa kuma ka tsaya da kanka. A riƙa ɗebo abin da ke fitowa duk mita uku ana jerawa a ƙasa, don a san daidai inda za a sa bututu mai tsaga. Ga inda ake cin amanar mutane: a yanka bututun da zarto a ce ya zama sikirin, wato bututun mai tsaga da ruwa ke shiga ta cikinsa. Yankan zarto ba shi da ma'auni, yashi zai bi shi ya cinye fankar sumo cikin rani ɗaya. A sayo na kamfani mai tsagar milimita 0.5 zuwa 1. In kesin, wato bututun da ake saukarwa cikin ramin, inci 5 ne, ramin sama kada ya gaza inci 8, don tsakuwar da ake zubawa kewaye da shi ta sami wurin sauka. Tsakuwar ma ta kogi ce, mulmulalliya, wankakkiya, milimita 2 zuwa 4, ba dutsen da aka fasa da inji ba, wanda ke maƙalewa a tsakiya ya bar rami a ƙasansa. Mita biyar ko shida na sama a cike da siminti, a zuba daɓe mai gangara, don ruwan damina da maganin feshi kada su bi jikin bututun su sauka. A nisanta aƙalla mita 30 daga masai.

Sannan wanke rijiyar da kwampreso, injin hura iska: ba a tashi sai an tara ruwan a farin bokiti ba a ga yashi a gindinsa ba.

Manomin Hunkuyi:
Allah ya saka, Injiniya. Mai haƙan ya ce ranar da kwampreso ya feso ruwa za a san ƙarfinta. Wannan bai wadatar ba?

Injiniyan Ruwa:
Bai wadatar ba. Ramin inci 6 yana ajiye kusan lita 18 a kowace mita, don haka ruwa mai tsayin mita 30 lita 540 ne a kwance. Feshin farko da ake tafi a kansa, galibi shi ne. Gwajin gaskiya shi ne a sa sumo a ja awa 24 ba tsayawa, ana auna saukar ruwan a ramin, ana cika jarka mai lita 20 da agogo a hannu. In ta cika a daƙiƙa 20, lita ɗaya a daƙiƙa ke nan. A kashe, a duba awa nawa ruwan zai ɗauka ya koma kusa da inda yake. Abin da gwajin ya nuna, kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari za ka dogara da shi. Kuma gwajin Satumba yaudara ne; na Maris ko Afrilu ne ke faɗin gaskiya. A sa gwajin cikin yarjejeniya, a riƙe cikon kuɗi sai an yi shi.

Mai Gyaran Sumo:
Alhaji, kada a sayi sumo kafin gwajin. Yawancin waɗanda ake cirowa a ƙone, sun fi ƙarfin rijiyar ne: su janye ruwan cikin minti ashirin, su ci gaba da juyawa a iska, alhali ruwan ne ke sanyaya motar. Misali, in ruwa ya tsaya a mita 35 lokacin ja, tsawon tanki mita 10, asarar matsi a cikin bututu wajen mita 10, jimilla 55. Lita ɗaya a daƙiƙa a wannan tsawo doki ɗaya da rabi ya ishe shi, da fanel ɗin sola na wat 1,500 ko sama kaɗan. Doki biyu ba burgewa ba ne.

A rataye shi ƙasa da inda ruwa ke tsayawa a bazara da 'yan mitoci, amma kada ya fuskanci sikirin, kada kuma ya kusanci gindin rami da ƙasa da mita uku. Igiyar nailan daban, ba waya ce za ta ɗauki nauyi ba. Haɗin waya a yi shi da kayan haɗi na cikin ruwa, ba salatif ba. Na'urar da ke kashe shi in ruwa ya ƙare dole ce, haka bawul mai hana ruwa komawa, musamman in za a riƙa tura taki ta cikin layin.

Duk wata a rubuta abu uku a littafi: zurfin ruwa kafin a kunna, lokacin cika jarka, da wutar da yake ja. In zurfin bai sauya ba amma jarka ta daɗe, matsalar sumo ce ko bututu ya tsage. In ruwan na faɗuwa da sauri fiye da da, sikirin ya toshe ko rijiyar ce ta ja baya; a kira kwampreso a sake wanke ta kafin a zargi sumo.

Malamin Gona:
Injiniya, ina tare da kai, sai dai lita 50,000 ta ƙololuwa ce. Shekarar farko, kafin reshe ya hau rumfa, kashi ɗaya cikin uku ma ya isa, ga hunturu ba ya sha kamar bazara. Don haka Alhaji na iya dasawa da rijiya ɗaya, ta biyu ta biyo kafin rumfa ta rufe, nesa da ta farko, a kan wata tsagar daban, in ba haka ba su riƙa satar ruwan juna.

Abin da ba a taɓo ba shi ne ingancin ruwan. Inabi ba ya jure gishiri. A kai ruwan ɗakin gwaji, in ma'aunin gishiri da ake kira EC ya haura 1 dS/m a fara hattara. Ƙarfe kuma shi ne abokin gabar ɗigo. Cika farin bokiti ka bar shi ya kwana: in da safe ya yi ja-ja kamar ruwan tsatsa, to haka zai yi a cikin kowane bakin ɗigo. Maganinsa ruwan ya faɗo daga sama cikin tafkin siminti ko na leda ya sha iska, ya kwana, a ja daga sama ta matata mai lamba 120. Tafkin ya iya ɗaukar ruwan kwana biyu, domin ranar da sumo ya tsaya 'ya'ya na kumbura, ƙishi sannan ambaliya shi ke fasa su.

A sa agogon matsi gaba da bayan matata. In bambancin matsi ya kai rabin bar a agogon, a wanke matatar. Duk mako biyu a buɗe ƙarshen layuka a bar su su zuba har ruwan ya washe. In santsi ya fara taruwa a ciki, kulorin; in farin ɓawo ne, asid. Kada a taɓa haɗa su a mazubi ɗaya, iskar da ke tashi guba ce.

Manomin Hunkuyi:
Na gode, malamaina. Zan ɗaga haƙan zuwa Maris, a yi safiyo tukuna. Malam, tafkin na siminti ko na leda, wanne ya fi ga mai farawa?

Malamin Gona:
Leda mai kauri, Alhaji, in za a kewaye ta da waya saboda dabbobi da yara. A share duwatsu a shimfiɗa yashi kafin a ɗora ta, a rufe saman da raga mai inuwa don gansakuka, bakin bututun ja kuma ya yi iyo a kan jarka, kamu ɗaya ƙasa da fuskar ruwa.