Furostagalandin: ni dai na ce a kira shi "ɗan zuga"

Jama'a, ku taya ni neman sunan Hausa ga furostagalandin, sinadarin da jiki ke ƙerawa mai ƙara zafin ciwo. Jiya wata Hajiya ta shigo kemis ɗinmu a Tudun Wada da takardar likita, an rubuta mata ibuprofen saboda ciwon ƙugu. Da na ce mata maganin kumburi ne sai ta ajiye, ta ce, "Ɗan nan, ni babu inda ya kumbura a jikina." Laifin kalmarmu ne, ba nata ba.

Su ibuprofen, diclofenac da asfirin suna toshe wani sinadari mai suna COX, wanda shi ke ƙera furostagalandin. John Vane na Ingila ne ya gano asfirin na hana ƙera shi a 1971, har ya samu kyautar Nobel a 1982. Da farko an fi zaton aikin yana ƙarewa a bakin rauni. Sai a 1992 masu bincike Malmberg da Yaksh suka zuba ɗan kaɗan na irin waɗannan magunguna kai tsaye a lakar gadon bayan ɓeraye, zafin ya ragu. Ashe a laka ma ana ƙera furostagalandin, nesa da inda aka ji ciwon.

To me yake yi a can? Saƙon ciwo yakan yada zango a laka kafin ya haura ƙwaƙwalwa. Furostagalandin sai ya sa jijiyoyin da suka kawo saƙon su ƙara kwararo sinadaran isar da shi, irin su gulutamet, ya kuma raunana aikin gilaisin, wanda shi ne birkin wurin. Shi ya sa idan rauni ya kwana biyu, ko riga ta goge shi sai ka zabura.

Wani malamin makaranta ya ba da shawarar a kira furostagalandin "sinadarin raɗaɗi". Allah ya gafarta Malam, ban gamsu ba, don ba shi ne wutar ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin maƙera a Panteka ya san garwashi daban, mai zugazugi daban. Furostagalandin iska kawai yake bai wa wutar, wato ɗan zuga. Kuma Bahaushe ya riga ya san ɗan zuga a wurin faɗa, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Wata ma'aikaciyar jinya daga Kawo ta tare ni, kuma ta yi gaskiya: furostagalandin ne dai ke kare fatar tumbi daga tsamin ciki, yana kuma taimaka wa jini ya ratsa ƙoda. Abin da ya sa ke nan masu gyambon ciki da masu ciwon ƙoda ba sa shan waɗannan magunguna da ka. In aka ce masa ɗan zuga kawai, an ci zalinsa.

Na karɓa. A rubutu mu bar shi furostagalandin, ko da yake sunan ma kuskure ne, masanin kimiyya Von Euler ya laƙaba masa a 1935 bisa zaton daga furostet, wata gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, yake fitowa. In ana maganar ciwo kuwa, ɗan zuga, magungunan kuma "masu kashe zuga".

Saura COX. An kawo "maƙerar ɗan zuga", amma ya yi wa bakina tsawo. Wa ke da gajere?