Askata tana sheƙi kamar madubi amma ba ta ci, in sayi dutsen da ya fi wannan laushi?

Nuhu, Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar aska. Kakana, Allah ya jiƙansa, ya bar mini wata aska irin mai naɗewa, an buga Solingen, sunan wani garin maƙera a Jamus, a wuyanta. Ta fi shekara goma a ƙasan akwati, amma ba ta yi tsatsa sosai ba. Da yayana zai dawo daga tafiya na roƙe shi dutsen washi na Japan, ya zo mini da Naniwa mai lamba 12000. Laushinsa kamar tangaran.

Na fara goga ta a dutsen da muke wasa wuƙar layya, sannan na hau sabon dutsen, na yi mata sama da ja ɗari biyu. Bakin ya yi ƙyalli har ina ganin idona a ciki. Da na shafa sabulu na ɗora ta a kumatu kuwa, sai ka ce figar kaza ake yi. Tsakiyarta tana ɗan ci, amma kai da gindi tuge gashi kawai suke. Washegari fuskata duk ƙuraje. Na ga akwai wani dutsen, na kamfanin Shapton, mai lamba 30000, kuɗinsa da nauyi amma zan iya dagewa. Shi ne maganin?

Malam Sani, Samaru:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka. Ko dutsen da ya fi 30000 ka samu, haka za ta ci gaba da fige ka.

Lambar nan girman tsakuwar da ke cikin dutsen take faɗa. Kamfanin Shapton ma yana bugawa a jikin duwatsunsa na gilashi: mai 1000 tsakuwarsa maikuron 14.7 ce (maikuron dubu ne ke yin milimita ɗaya), mai 8000 kuma 1.84, mai 30000 ɗin da kake hange 0.49. Silin gashin kai ɗaya yakan kai maikuron 70 ko kusa da haka. To abin da bai kai maikuron ɗaya ba, wane ƙarfe zai ci? Goge zanen da dutsen baya ya bari kaɗai yake yi.

Kaifi a mai 1000 ake haifarsa. Bakin aska gangare biyu ne, ɗaya ta kowace fuska, kuma sai sun haɗu cif a layi ɗaya tun daga gindi har kai. In ba su haɗu ba, kafaɗun gangaren kake ta sa wa ƙyalli, ainihin bakin yana nan a dakushe. Kai ka yi wa gida fenti ne ba a yi yaɓe ba.

Gwada wannan yau. Sami baƙar maka, alƙalamin nan mai kaurin baki, ka shafa a bakin fuska biyu, ka bari ta bushe. Yi ja uku ko huɗu a dutsen, sannan ka ari gilashin nan da masu gyaran agogo suke maƙalawa a ido ka duba. Duk inda baƙi ya saura a can ƙarshen baki, dutse bai taɓa wurin ba. Ina kyautata zaton kai da gindin nan baƙi ƙirin za ka gan su.

Auwalu, Gyallesu:
Ikon Allah. Reza tana kowane teburin mai shago, kai kana neman ka sayar da akuya don ka sayi dutse. Kakanka ma da ya ga reza da ya huta.

Nuhu, Tudun Wada:
Auwalu ka bar ni da kayan gadona. Malam Sani na gode, zan gwada. Amma wajen jan, ina ɗan ɗaga bayanta kamar yadda ake yi wa wuƙa. Daidai ne?

Isiyaku, Ƙofar Doka:
Na karanta wa Baba maganarka, shi wanzami ne tun kafin a haife ni. Da ya ji ka ɗaga bayanta sai da ya yi salati. Ga abin da ya ce in rubuta:

Ɗana, aska ba wuƙar fawa ba ce. Irin ta Turawan nan, kaurin bayanta shi ne ma'auninta, maƙerin ya riga ya yi maka lissafi. Ka kwantar da ita gaba ɗaya, baya da baki su taɓa dutse tare. Ka tura baki yana gaba, kana ɗan karkata jan yadda gindi zai fara, kai ya ƙarasa. In ka kai ƙarshen dutse, ka mirgina ta a kan bayanta, kada ka kuskura ka juya ta kan baki. Tamu ta maƙeran gida hannu ne ke riƙe mata kwana, shi ya sa yaro yakan daɗe yana ɗaukar zabira kafin a bar shi ya wasa ta maigida.

Ya ce kuma nauyin hannu ne ke kashe yawancin masu koyo. Bakin askar nan siriri ne, in ka danna sai ya lanƙwashe ya ɗaga daga dutse, kana wahala a banza. A dutsen ƙarshe nauyin askar kaɗai ya isa, kamar kana share ƙura daga idon jariri. Sannan ya tambaya: ina fata? Bai ji ka ambaci fata ba. Aska ba ta zuwa fuska daga dutse sai ta bi ta fata, kuma a fata baya ne ke gaba, baki na bi. Ya ce tsohuwar ɗamara mai laushi wadda ba ta da ɗinki ko ado ta isa, in babu ma tafin hannu yana yi.

Malam Sani, Samaru:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya gama magana. Ɗaga bayan nan shi ne asalin ɓarnar: ka yi mata sabon gangare mai tsayuwa a dutsen layya, yanzu in ta kwanta a Naniwa ba ya kaiwa gare shi. Dole ka koma mai 1000 har wancan ya ɓace. Zai ɗauki lokaci, kada ka ƙirga ja. Alamar gamawa ita ce ta aske gashin hannunka cikin sauƙi a gindi, a tsakiya, a kai, tun tana kan mai 1000. Daga nan 4000 ko 6000, sai 8000 in akwai, sannan naka. A 12000 ja ashirin zuwa talatin ya wadatar.

Garba Kafinta, Sabon Gari:
Ba wanda ya yi maganar dutsen kansa. Sabon dutse ba lallai ya zo a miƙe ba. Ka zana masa layuka a tsaye da a kwance da fensir, ka shimfiɗa sanfefa mai jure ruwa, lamba 400 ko 600, a kan gilashi mai kauri, ka zuba ruwa, ka kifa dutsen kana gogawa har layukan su ɓace duka. In tsakiya ta rage, dutsen ya yi kwari. Ka ɗan kashe masa kaifin gefuna ma, don suna yi wa baki giɓi. Wanke shi sosai bayan nan, ƙwayar sanfefa ɗaya in ta maƙale ta isa ta ɓata maka aikin yini.

Naka ba a jiƙa shi, watsa ruwa kawai ake yi. Kuma ga hunturu ya kama, kada ka shanya shi a rana ko inda iska ke kaɗawa, bushewar gaggawa tana sa irin waɗannan duwatsun tsattsagewa. Inuwar ɗaki ta isa. Ina da dutsen King mai fuska biyu, 1000 da 6000, da nake wasa bakin kurfi da shi. Ka zo shago in ara maka, amma sai mun miƙe shi tukuna, don ya sha aiki.

Bashir, Kongo:
Ni ina liƙa baƙin salatif na masu wayarin a bayan aska kafin in fara, don kada dutse ya cinye bayan. Kayan gado ne, ka tausaya mata.

Malam Sani, Samaru:
Ba laifi, musamman da yake zai daɗe a mai 1000. Sharaɗi dai, in ya fara da salatif ya ƙare da shi a kowane dutse, ya riƙa canja shi in ya cinye. In ya cire a tsakiya, kwanar ta sauya, ya koma gidan jiya.

Hajiya Maman Khalifa, Wusasa:
Ni ba ruwana da duwatsunku, ma'aikaciyar jinya ce. Nuhu, in ta yi kaifi, fuskarka kaɗai. Kada ƙanne da abokai su ce a ɗan gyara musu. Ƙwayar cutar ciwon hanta nau'in B tana iya kai kwana bakwai ko fiye a raye a jikin ƙarfe, ko jinin ya bushe ba a ganinsa.

Nuhu, Tudun Wada:
Na dawo da rahoto. Gwajin maka ya tona asiri: siririn layi baƙi daga gindi har kai, tsakiya kaɗai ya ɗan goge. Na je wurin Malam Garba, har shayi ya saya mini, Allah ya saka. Dare biyu na yi a mai 1000 bayan sallar isha'i, ruwan kan dutsen yana komawa toka-toka. A dare na biyu na ji sautin jan ya canja, ya yi sumul, ruwan kuma yana hawa kan askar maimakon ya bi ta ƙarƙashinta. Na bi 6000, na yi ja ashirin da biyar a Naniwa, na goga a ɗamarar yayana, bai sani ba tukuna.

Yau da safe na yi gyaran fuska. Kumatu lafiya lau, ba ja ba zafi. Haɓa ce na ɗan yanka. Sai dai kusa da gindi, kamar faɗin farce, har yanzu tana ɗan jan gashi. Hajiya na ji, ba mai taɓa ta.

Isiyaku, Ƙofar Doka:
Baba ya ce yankan haɓa ba laifin aska ba ne, ka ja fatar wurin da yatsa ka kwantar da askar sosai. Gindin kuma ya ce ka kawo ta ranar Alhamis bayan la'asar ya gani da idonsa, yana zaton ta ɗan karkace. Ya ce ka taho da dutsen Japan ɗin, yana so ya taɓa shi.