Walimar mutum 25 ranar Asabar: in yi odar burrito a shagon 'yan Meksiko na layinmu?

Maman Nana, Houston
Assalamu alaikum jama'a. Ranar Asabar za mu yi 'yar walimar kammala karatun ƙanena a wurin shaƙatawa. Mutum 25 ne, takwas a ciki yara. Tafiyar minti 40 ce daga gida, kuma can babu wurin ɗumama abinci. Dala 300 na ware. Akwai shagon taco a layinmu da muke son burrito ɗinsu na jatan lande (burrito kayan haɗi ne da ake naɗewa a babban siririn burodi, taco kuma ƙarami ne da ake ninkewa biyu). In sa su naɗe guda 25, ko in karɓo kayan haɗin a tire kowa ya haɗa nasa? Kuma me zan tambaye su a kan alade? Ba fatawa nake nema ba, maganar nama mun gama ta a gida: kifi, jatan lande da kayan lambu kawai.

Alhajin Bronx
Wa alaikumus salam. Allah Ya sa albarka a karatun. Hajiya, ki ɗora dafa-duka da soyayyiyar kaza, ki huta da wannan dogon lissafi.

Mai Girki, Chicago
Yaya, aladen da ake gani ba shi ne abin tsoro ba. Kowa ya san al pastor da carnitas da chorizo da chicharrón alade ne. Wanda ke shiga ba a gani shi ne kitsensa, suna ce masa manteca. Wuri na farko dakakken waken nan, frijoles refritos, a gargajiyance da kitsen ake soya shi. Ki nemi frijoles de la olla, wato waken da aka dafa ba a daka ba, amma shi ma ki tambaya, don charros da naman alade ake dafa shi, borrachos kuma har da giya. Na biyu ita kanta tortilla ta fulawa da ake naɗe burrito da ita. Ta kamfani yawanci man ganye ne, amma wadda ake murzawa da hannu a shago sau da yawa da manteca ake kwaɓa ta, shi ya sa take da laushin nan. Ta masara garin masara ne da ruwa, ita ba ta buƙatar kitse. Shinkafarsu kuma a romon kaza ake yawan dafa ta. Kifin da aka tsoma a ƙulli aka soya irin na Baja, wasu da giya suke dama ƙullin, don haka ki ce gasasshe kike so.
Kada ki tambayi mai karɓar kuɗi, ki nemi mai girkin ki ce: "¿Lleva manteca de puerco?" Ki faɗi puerco ɗin, domin akwai manteca vegetal wanda na ganye ne.

Baban Sadik, Dallas
Duk tambayar nan banza ce in ba a yi maganar plancha ba, farantin ƙarfen nan da suke suya a kai. Guda ɗaya ne. A kansa ake soya chorizo, jan mansa ya malale ko'ina, a kankare da abin juyi, sannan a zuba jatan landenki a wurin. A kansa ake ɗumama tortilla. Wata walima da aka yi a garin nan, burrito 40 aka yi oda, rabi kaza rabi wake. Aka kawo su duk a takardar alminiyam iri ɗaya babu rubutu, aka haɗa da wasu na odar wani gida. Sai da wata dattijuwa ta gatsa ta ji ɗanɗanon abarba, ashe al pastor ne. Kwandon shara aka juye su gaba ɗaya, baƙi suka watse da yunwa, shagon kuma rabin kuɗin ya mayar.

Mai Girki, Chicago
Wannan matsalar tana da magani. A yi odar tun kwana biyu kafin ranar, a ce a fara da naki da safe kafin chorizo ya hau farantin, ko a soya a kasko daban. A rubuta abin da ke ciki a jikin kowanne da maka.

Baban Sadik, Dallas
Safiyar Asabar? Lokacin da layi ya kai bakin ƙofa kowa na son taco na ƙwai da chorizo? Wa zai tsaya wanke mata kasko? Mai walimar nan ma an yi masa wannan alkawarin.

Bazazzagi, San Francisco
Dala 300 ba za ta kai ba. Burrito na jatan lande dala 16 zuwa 18 ne, a ƙara uku in ana son fiya. Sau 25, an haura 400 kafin haraji.

Ummu Aisha, Houston
Farashin garinku ke nan. A nan 11 ko 12 ne, a motar taco ma akwai na 9. Kuma burrito ɗinku na unguwar Mission mai tortilla inci 12 da shinkafa cike, ba yaron da zai iya cinye rabinsa. Yara takwas guda huɗu sun ishe su, a yanka biyu.

Bakano, Atlanta
14 ne. Bazazzagi kawai cutarsa ake yi, an ga baƙo.

Bazazzagi, San Francisco
Bakano da zai yi cinikin burrito ya nemi gyara ai ba a karɓar farashi daga bakinsa.

Ummu Aisha, Houston
Ku bar wasa, ga amsar da ta nema. Maman Nana, kada ki naɗe. Burrito mai zafi a cikin alminiyam tururinsa ke dawo masa, ga ruwan pico de gallo, wato yankakken tumatir da albasa, da crema, kirim ɗinsu na madara. Bayan awa guda ƙasansa ya jiƙe, ana ɗagawa ya ɓarke. Ki karɓo a tire. Babba taco uku, yaro biyu, kusan 70 ke nan. Laba ɗaya ta kayan ciki, wato ƙasa kaɗan da rabin kilo, tana yin taco kamar takwas. Ki sayi laba huɗu ta jatan lande, sauran ki cike da dankali da rajas, wato yankakken tattasan poblano, ko nopales, wato ganyen kaktus da suke ci. Tortilla ta masara bibbiyu ake haɗawa don kada ta tsage, ki sayi dozin 12, ki naɗe a tawul ki sa a kula. Salsa da albasa da lemun tsami a kula daban mai ƙanƙara. Da zafin Houston, in rana ta haura digiri 32 a ma'aunin Celsius, abinci kada ya wuce awa ɗaya a waje, musamman shinkafa da jatan lande. Abin sha kada ki saya: agua de jamaica zoɓo ne, tamarindo tsamiya ce, ki haɗa a gida.

Malam, Columbus
Ni dai ina ganin an tsananta. Aya ta 5 ta Suratul Ma'ida ta halatta mana abincin Ahlul Kitabi, malamai da yawa a ƙasar nan sun yarda a ci naman sa da kaza. Carne asada, wato gasasshen naman sa, da barbacoa ta naman kuncin sa yawanci sun fi jatan lande araha.

Baban Sadik, Dallas
Allah gafarta Malam, ayar ba ta halatta man chorizo da ke kan farantin ba. Wanda bai taɓa leƙa bayan kanta ba bai kamata ya yanke hukunci a nan ba.

Malam, Columbus
Wanda bai karanta babin najasa ba shi ma haka. Ƙarfen da aka kankare aka goge yana da nasa hukuncin.

Mai Girki, Chicago
Ta ce ba fatawa take nema ba fa. Amma Malam, carne asada ɗin ma wasu a giya suke jiƙa shi kafin gashi, sai an tambaya.

Maman Nana, Houston
Na gode ƙwarai. Na je, sun ce waken da man ganye ne, tortilla ta fulawar kuma sayowa suke yi, sun nuna min ledar. Kasko daban sai mai shagon ya dawo gobe. To shinkafar fa, in bar ta ko in dafa tawa?

Bakano, Atlanta
Ko me za ki yi, ki je ki ɗauko da kanki. Ta manhajar kawo abinci burrito na 12 ya zama 15, ga kuɗin kawowa, ga kuɗin hidima. Manhajojin na cire wa shago kashi 15 zuwa 30, shi ya sa shagunan ke ɗaga farashin a can.

Bazazzagi, San Francisco
Ko da kanka ka je ba ka tsira ba. Ka tsaya a layi, ka ɗauki abinka, sai a juyo maka da allon biyan kuɗi: tukwici kashi 18, 20 ko 25.

Ummu Aisha, Houston
Masu girkin nan tun asuba suke tsaye a gaban wuta. Wanda ya ce a wanke masa kasko daban ranar Asabar bai kamata ya danna "babu tukwici" ba.

Alhajin Bronx
Shagunan da ke rubuta halal da manyan baƙaƙe su ma allon nan suke juyowa, kuma ka tambaye su inda suke sayen naman, kowa ya kama kallon sama.