Tambaya: me ya sa oferon ɗin tiriftofan ke da birki har uku?

Assalamu alaikum malamai da 'yan uwa ɗalibai. Kwana huɗu ke nan ina kan oferon ɗin tiriftofan na bakteriyar E. coli, wato rukunin ƙwayoyin gado 5 da bakteriyar ke amfani da su wajen haɗa tiriftofan, ɗaya daga cikin amino asid, tubalan furotin. Matakai uku ne ke taka wa haɗa shi birki, jarrabawa kuma ta matso.

Matakin farko na gane shi. Idan tiriftofan ya yi yawa, sai ya manne da furotin mai dannewa, shi kuma ya zauna kan DNA ya hana kwafar ƙwayoyin gado 5 ɗin zuwa RNA. Na ƙarshe ma babu wuya: tiriftofan da kansa yana kashe ƙarfin enzayim (furotin mai gudanar da aikin haɗawa) na farko a layin haɗa shi.

Na tsakiya ne ya ɗaure min kai, wanda Charles Yanofsky ya gano. A farkon oferon akwai sashen da ke samar da ɗan peftayid (gajeren furotin) mai amino asid 14, da kodon (alamar amino asid a kan RNA) biyu na tiriftofan a jere; RNA ɗin wurin yana da yankuna huɗu masu iya haɗewa da juna. In tiriftofan ya yi ƙaranci, ribosom (mai karanta RNA ya haɗa furotin) ya maƙale a kan kodon ɗin, yanki na 2 ya haɗe da na 3, kwafa ta ci gaba. In ya wadata, na 3 ya kama na 4, kwafa ta tsaya. To, idan ribosom bai ma hau RNA ɗin ba fa? A lissafina na 1 zai riƙe na 2, na 3 ya riƙe na 4, a tsaya ko da babu tiriftofan. Haka ne, ko na kauce?

Sannan tunda mai dannewa ya riga ya rufe ƙofa, wane aiki ya rage wa wannan birkin? Don Allah a warware min.